DARASI: Tsarki daban, tsabta daban: haƙƙin abokin aiki a lokacin mura

 

Ya ƴan uwa Musulmi, duk shekara idan hunturu ya shigo, mura da tari sukan bi biro-biro da shagunan tela da azuzuwan madarasa. Mutum ɗaya ya zo da ita ran Litinin, kafin Juma'a rabin ma'aikata suna majina. Ba mu manta da 2020 ba: an samu mutum na farko mai korona a Nijar ran 19 ga Maris, aka rufe masallatai har zuwa 13 ga Mayu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓacin cutar a 2023, amma ƙwayoyin mura ba su tafi ko'ina ba.

Da yawa cikinmu suna cewa: wanda yake alwala sau biyar, wace tsabta ta rage masa? A nan akwai ruɗani. Tsarki hukunci ne na shari'a, ana samunsa da ruwa mutlaƙi, wato wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sake ba, kamar yadda muka karanta a Ishmawi da Risala. Ƙwayar cuta kuwa tana iya zama a hannun da yake da tsarki. Sabuni ne ke narka kitsen da ya lulluɓe ƙwayar mura da ta korona, in an cuɗa hannu kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu. Amma a mazhabar Malikiyya ruwan da sabuni ya sake shi ba a alwala da shi. Mafita mai sauƙi ce: a wanke hannu da sabuni, a ɗauraye, sannan a ɗauki buta. Kada a zuba sabuni ko jabel cikin butar alwala da sunan kariya, mun ga masu yin haka kuma kuskure ne.

Game da man goge hannu mai alkol, malamai sun yi saɓani kan najasarsa. Da yawa cikin malaman zamani, har da gidan fatawa na Masar, sun halatta shi domin magani ne ba abin sha ba, kuma wannan muka rinjayar. Sai dai ya kai kashi 60 cikin 100, in ba haka ba amfaninsa kaɗan ne.

Abin da aka fi sakaci da shi ita ce iska. Bincike ya tabbatar cewa waɗannan cututtuka sun fi yaɗuwa ta numfashi a ɗaki rufaffe fiye da ta taɓa kaya. Mu kuwa saboda ƙura da sanyi mukan rufe kowace taga, mutum goma a ɗaki guda tun safe har azahar. A buɗe ƙofa da taga masu fuskantar juna, ko da na ƴan mintoci ne kowace sa'a. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan rufe fuskarsa da hannu ko tufa idan zai yi atishawa, kuma ya hana yin numfashi cikin ƙwaryar sha. To ina moɗa ɗaya a bakin randa, da kofin shayi da ke zagaya ma'aikata duka ba wanki?

Teburi da mariƙin ƙofa da almakashi da waya, a fara wanke su da sabuni, domin dauɗa tana kashe ƙarfin jabel. Idan kwalba ta nuna kashi 5 cikin 100, awo 1 ake sawa cikin awo 49 na ruwa, a bar shi ya jiƙa aƙalla minti ɗaya. A haɗa sabo kowace rana, kada a gauraya shi da wani maganin wanki, hayaƙinsa guba ne.

Saura magana mai nauyi, ta marar lafiya. Buhari da Muslim sun ruwaito hanin a kai raƙuma marasa lafiya cikin masu lafiya. Kuma a annobar Amwas, shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya juya bai shiga Sham ba, bai ga hakan ya saɓa wa tawakkali ba. Don haka mai zazzaɓi da tari ya zauna gida, in fita ta zama dole ya rufe baki da hanci, ya bar musafaha ya wadatu da sallama. Amma mun san dalilin da ke sa lebura ko yaron shago ya ɓoye ciwonsa: in bai zo ba, babu kuɗin cefane ran nan. A nan nauyin ya koma kan maigida. Wanda yake yanke ladan yini ga yaronsa don ya kwanta ciwo, shi ne ya tilasta masa ɗauko cutar zuwa shago, kuma cikin waɗanda za su shaƙe ta akwai tsoho mai ciwon sukari da mace mai juna biyu.