Darasi na 14: Garin Bebeji

Bebeji tsohon gari ne a kudu maso yammacin birnin Kano, tafiyar wajen mil 30. Tun zamanin da garin fatake ne, don yana kan hanyar Kano zuwa Zariya. Ayari kan yada zango a nan, a sauke wa jakuna kaya, a yi ciniki, kana a wuce.

A shekarar 1826 wani Bature matafiyi, Kyaftin Clapperton, ya biyo ta Bebeji za shi Kano. Ya rubuta a littafinsa cewa ya tarar da babban gari mai ganuwa, cike da 'yan kasuwa. Ku duba fa! Shi ya rubuta, shi ya sa har yau ana karanta abin da ya gani.

A farkon shekarar 1903 sojan Turawa suka taso daga Zariya za su Kano. Mutanen Bebeji suka rufe ƙofa, suka ƙi ba da gari. Sai da aka harba igwa aka fasa ƙofar. Ran 3 ga Fabrairu aka ci Kano.

A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata, a shekarar 1877. Iyayensa Agalawa ne, masu fataucin goro daga Gwanja. Shi ma da goro ya fara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya buɗe, ya shiga sayen gyaɗa. Ya rasu a 1955, ana ce da shi babban attajirin Afirka ta Yamma.

A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka tare Kogin Kano a Tiga, cikin ƙasar Bebeji. An gama madatsar a 1974. Ruwanta ne ke bin magudanai zuwa Kadawa da Kura, manoma na noman rani: shinkafa, da alkama, da tumatir, da albasa. Masunta kuma suna samun kifi. Akwai wani tafkin a Bagauda, inda makarantar horon lauyoyi take.

Maƙwabtanmu ma kowa da abinsa. Kwanar Ɗangora tana ƙasar Kiru. In ka nausa kudu ta Tudun Wada sai ka shiga dajin Falgore. Can gaba, a ƙasar Doguwa, ga duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza.

To, jama'a, ganuwa kan zube, dattawa kuwa kullum raguwa suke. Labarin da ke cikin ka kaɗai, ran da mai shi ya kwanta dama ya tafi ke nan. Wanda ke kan takarda kuwa, jikoki za su gada. Yanzu da kuka iya rubutu, ku je wurin tsofaffin garinku, ku gaishe su da ladabi, ku tambaye su, ku rubuta. Da rarrafe yaro kan tashi.

Tambayoyi

1. Don me fatake suke sauka a Bebeji?
2. Me ya faru a 1903?
3. Wane amfani madatsar Tiga take yi wa manoma?
4. Rubuta sunan garinku, da ranar da kasuwarku ke ci, da sunayen unguwanni uku.