Lissafi daga Tur'a zuwa Sama



A duk shekara idan aka zo raba aji a sanawi, da yawa daga cikinmu sukan gudu daga ɓangaren ilmi su koma adabi, dalilin kuwa ɗaya ne: tsoron riyadiyat. Wasu iyayen ma cewa suke, yaron da zai gaji hawasha me zai yi da aljabara? To bari mu duba tare.

Ranar 3 ga Nuwamba 2019 aka harba tauraron ɗan'adam na farko na Sudan, mai suna SRSS-1, daga Taiyuan a ƙasar Sin. Aikinsa ɗaukar hoton ƙasa daga sama. Irin waɗannan taurari suna yawo a tsayin kilomita 500 ko kusa da haka, da gudun kusan kilomita 27,400 a awa. Ku ɗauko alƙalami. Daga tsakiyar duniya zuwa bayanta kilomita 6,371 ne, a ƙara 500, ya zama 6,871. A ninka da 2, a ninka da 3.14, za a sami kimanin kilomita 43,150. A raba da gudun, sai ga awa ɗaya da kusan minti 35. Wato kafin mu gama darasi biyu, ya zagaye duniya. Da lissafin da'ira da muke yi a aji muka gano wannan, ba wani sihiri.

Me ya haɗa shi da gonarmu? Ganyen da ya ƙoshi da ruwa yana mayar da wani haske da ido ba ya gani, na'urar tauraro kuwa tana ganinsa. Don haka daga sama ake bambanta audugar da ta sha ruwa da wadda tur'arta ta cushe da laka. Tun 1925 da aka gama madatsar Sinnar, ruwan nan da lissafi ake raba shi a Jazira. Abin da ke damunmu shi ne, masu karanta hotunan nan da wuya ka ji ɗan Mai Wurno a cikinsu, alhali gonakin da suke kallo mu muke yi musu noma.

Ga wani abu kuma da ke gabanmu sau biyar a rana. Kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suna kiran alƙibla gabas, don a Kano ta karkata kusan digiri 68 daga arewa. A nan yankin Sinnar kuwa kusan digiri 36 ce, ta fi kusa da arewa. Kalmar ta biyo mu, amma kusurwar ta canja, kuma ilimin musallasat ne ke faɗin nawa ta canja.

Ga aikin hutu. Watan sama kwana 29 da rabi ne, watanni 12 sun ba da kwana 354, shekarar rana kuwa 365. Shekara nawa azumi zai yi kafin ya zagayo daga damina zuwa wata daminar? Wanda ya samu amsa ya kawo wa malam da hanyar da ya bi a rubuce.