Zaɓen Wurin Shiga Kwalekwale

Ɗalibai kan tambaye mu inda ya dace a shiga kwalekwale lokacin hutu. Nan Birnin Gwari madatsar Bagoma ce kusa, amma ruwan shan gari ne, sai a nemi izini tukuna. Tafkin Kainji, wanda aka datse a 1968, ya fi ta girma nesa ba kusa ba, sai dai akwai kututture a ƙarƙashin ruwan, ga iska mai tayar da igiyar ruwa. A watan Mayun 2021 jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse kusa da Wara, mutane da yawa suka rasu. Mu dai mun fi son ƙaramin ruwa, da safe, da rani, tare da masuncin da ya san wurin, kowa sanye da rigar kariya daga nutsewa.