Rajistarki Ba Ta Ƙirga Waɗanda Suka Koma Gida

Sau uku ke nan a watan nan ina jin magana ɗaya daga bakin malaman jinya da ke aiki a masana'antu, kuma ta ishe ni: "Likita, mun duba rajista, babu mai ciwon huhu a cikin ma'aikatanmu, ashe ƙurar nan ba ta da illa." Wata har rahoto ta rubuta wa manaja da haka, shi kuwa abin nema ya samu, ya daina sayen takunkumi.

Malama, su wa kika ƙirga? Waɗanda suka iya tashi da asuba suka zo aiki. Wanda numfashi ya fara yi wa wuya ba ya cikin littafinki. Ko dai ya roƙi a mai da shi gadi, ko an sallame shi, ko ya koma ƙauye yana tari, dangi na cewa sammu ne. Tun ranar ɗaukar aiki ma an tace marasa ƙarfi an zubar. Shi ya sa idan kika gwada ma'aikata da mutanen gari, inda akwai tsofaffi da majiyyata, dole ma'aikata su fito fes. William Ogle ya lura da wannan a alƙaluman mace-mace na Ingila tun 1885, amma har yau tarkon yana kama mu.

Ga kuma lokaci. Ƙurar dutse takan yi shekara 10 ko fiye kafin ta nuna a huhu. Ta auduga kuwa alamarta ta farko ita ce ƙirji ya ɗaure ranar Litinin, bayan hutun mako, ya sassauta kafin Alhamis. Idan abin da kika rubuta "tari, an ba da magani" ne kawai, ta ina za ki gane?

Ga abin yi. Duk wanda ya zauna a gabanki, rubuta sashen da yake, shekarunsa a wurin, ranar da abin ya taso, da ko yana shan taba. Kada ki ce mini "mutum 12 sun yi tari". Cikin nawa? Mutum 12 cikin 40 daban, cikin 400 daban. Sannan ki gwada sashe da sashe a cikin gida: masu kaɗi da masu ofis, sabbin shiga da tsofaffin hannu. Ki matsa a yi gwajin numfashi ranar ɗaukar mutum, domin a sami abin aunawa daga baya.

Masu kamfani kuma, ku ji tsoron Allah. Leburorin 'yan kwangila su ne a bakin inji, su ke share ƙura, amma ba su da kati a asibiti. In tari ya yi yawa sai a ce hunturu ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Gobe da safe, kafin ki buɗe rajista, je ofishin biyan albashi ki karɓo sunayen duk waɗanda suka bar aiki cikin shekara biyar. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ki tambayi abin da ya fitar da su. Sai kin ji daga bakinsu, ko daga bakin matan da suka bari, sannan ki rubuta rahoto.