Asalin Kalmar Ladabi

 

Kalmar ladabi ba haifaffiyar Hausa ba ce. Daga Larabci ta zo, asalinta al-adab. Al'adar Bahaushe ce idan ya ari kalmar Larabci yakan haɗa ta da lam ɗin da ke farkonta, kamar yadda al-kitab ya zama littafi, al-imam ya zama liman, al-wakt ya zama lokaci. Abin lura shi ne an ari wannan kalma sau biyu. Aron farko ya ba da ladabi, na baya kuma, wanda ya shigo ta hannun masu ilmi, ya ba da adabi, wato waƙoƙi da labarai da rubutun hikima.

To, su Larabawa daga ina suka samo ta? Ibn Manzur, mai ƙamus ɗin Lisanul Arab, wanda ya rasu a shekara ta 711 bayan Hijira, ya bayyana cewa tushenta kira ne. Walimar da ake gayyatar jama'a su ci ana ce mata ma'aduba, mai gayyatar kuma adib. Saboda haka adab shi ne abin da ke kiran mutum zuwa ga halayen yabo, kamar yadda mai gida ke kiran baƙi su zo ga akushi. Wani masani mutumin Italiya, Nallino, ya tafi a kan cewa daga da'ab ta fito, wato al'adar da aka saba, kalmar da ta zo a aya ta 11 ta Suratu Ali Imrana. Maganarsa tana da fuska, amma ta malaman lugga ta fi dacewa da yadda magabata suka yi aiki da kalmar.

A zamanin Banu Umayya, malamin da ke tarbiyyar 'ya'yan halifa mu'addib ake ce masa. Daga baya Ibn Ƙutaiba ya rubuta Adabul Katib domin magatakarda, Mawardi ya rubuta Adabul Ƙadi domin alƙalai. Wato masu riƙe da alƙalami da masu yanke hukunci su ma an ɗora musu ladabi.

A nan ne gyara ya kama. A bakin mutane da yawa ladabi ya zama bashin da ƙarami kaɗai ke biya: yaro ya durƙusa, ya tuɓe takalmi, ya sunkuyar da kai. Waɗannan duk kyawawa ne, ba mai ja. Amma ladabtarwa kuma ta koma ba ta da ma'ana sai bulala, har idan aka ce an ladabtar da almajiri, kowa ya san jikinsa ne ya gaya masa. Kalmar da tushenta gayyata ce zuwa ga abinci ta zama sunan dorina.

Imamul Buhari, wanda ya rasu a 256, ya fara littafinsa Al-Adabul Mufrad da haƙƙin iyaye, amma bai tsaya nan ba. Ya kawo babobi a kan tausaya wa yara, da haƙƙin maƙwabci, da kyautata wa bara. A cikin Sahihinsa kuwa, a Kitabul Adab, ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, wani shugaba na Banu Tamim. Aƙra'u ya ce shi 'ya'yansa goma, bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya dube shi, ya sanar da shi cewa wanda ba ya jinƙai ba za a ji ƙansa ba. Mai karatu ya lura, a wannan zama dattijon ne aka koya wa ladabi, kuma ba a ɗaga masa ko tsinke ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za a duba ladubban malami ga almajirinsa.