Kafin ka biya kuɗin tsohon kaset ɗin Game Boy, leƙa cikinsa

Wani ƙanina ya taɓa kawo mini kaset ɗin Pokémon Emerald da ya saya ta intanet, baki har kunne, don abu ne da ya yi ƙuruciya yana kwaɗayi bai samu ba. Sati uku ya yi yana bugawa, kullum bayan sallar isha'i. Rannan ya kunna sai wasan ya koma farko, kamar bai taɓa taɓa shi ba. Da muka kwance kaset ɗin, abin da muka tarar shi ne wani ɗigon baƙin abu kamar kwalta a kan ɗan guntun allo. Jabu aka sayar masa. Kuɗin da ya yi asara bai ci masa rai ba kamar wahalar sati ukun nan, kuma ni ma abin ya tsaya mini a rai.

Kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Game Boy a 1989, Game Boy Color a 1998, Game Boy Advance a 2001, sai Nintendo DS a 2004. An daɗe da daina buga kaset ɗinsu, don haka na ainihi kullum raguwa suke yi, yaran da suka taso da su kuwa sun girma sun samu abin hannu, suna neman su ido rufe. Farashi ya tashi, masu buga jabu suka samu kasuwa. Wasannin Pokémon su suka fi shan wannan ta'asa. Idan ka ga mai sayarwa yana da Emerald guda ashirin, dukkansu fes kamar yau aka buga su, kuma a farashin banza, ka riƙe kuɗinka. Wasan da ya fito a Japan a 2004, a Amurka a 2005, ba ya zuwa a haka.

Fara da sitikar gaba. A kaset na ainihi, na Game Boy ne ko na Advance, akwai wata 'yar lamba da aka danna a jikin sitikar tun daga masana'anta, yawanci lambobi biyu, wani lokaci da harafi a gefe. Ba da tawada aka rubuta ta ba, shatar inji ce, sai ka karkata kaset ɗin ga haske kake ganinta. Yawancin jabu ba su da ita. Sai ka duba lambar kaya da ke ƙasa: na Game Boy na farko suna farawa da DMG, na Color zalla da CGB, na Advance da AGB. Emerald na Amurka AGB-BPEE-USA ne, Pokémon FireRed kuma AGB-BPRE-USA. Sitikar Pokémon Ruby, Sapphire da Emerald tana da ƙyalli mai motsi idan ka juya ta, ta jabu kuwa sau da yawa dishi-dishi take, rubutun ya yi kauri ko ya jeme. Amma kada ka tsaya nan. Sitika ita ce abin da ya fi sauƙin kwaikwayo, kuma akwai kaset na gaske da sitikarsa ta yage aka manna masa sabuwa.

Robar jiki ma tana magana. Rubutun Nintendo da ke baya ya kamata ya fito tsaf, ba zurfi da yawa, ba karkacewa. An sha ganin jabun da ko sunan ba a rubuta daidai ba. Notin da ke riƙe kaset ɗin Advance mai baki uku ne, na Game Boy na farko da na Color kuma wani noti ne na musamman mai kai kamar tauraro, wanda sukudireban gida ba ya kwancewa. Idan kaset yana shiga na'ura da ƙyar, sai an tura da ƙarfi, shi ma abin lura ne.

Hujjar gaske tana ciki, a koren allon nan da masu gyaran waya ke cewa fanel. A kaset ɗin Advance ba sai ka kwance ba ma: juya shi ka leƙa ta ƙasa, wajen haƙoran nan masu ruwan zinare, ka haska da fitilar waya. Sama da haƙoran kaɗan za ka ga shekara da sunan Nintendo an buga da farin rubutu siriri mai tsabta. Masu jabu sun fara kwaikwayon wannan ma, sai dai nasu yakan fito da wani salon rubutu dabam. Su Ruby, Sapphire da Emerald robarsu garai-garai take, ana hango ciki. Ta gaba za ka hangi batir a gefen dama daga sama, ta baya kuma wasu 'yan murabba'ai huɗu masu ruwan zinare a kusurwa. Idan babu su, ajiye masa kayansa.

In mai kaya ya yarda a kwance, to an gama magana. Na ainihi yana da ƙwayoyin ai-si baƙaƙe masu ƙafafu a jere, aikin dalma mai tsabta, kuma babbar ƙwayar tana ɗauke da haruffan nan huɗu na wasan, irin BPEE da ke kan sitika. Na jabu yakan zo da ɗigon kwaltar nan, ko ƙwayar da aka ciro daga wata na'ura ba tare da lambar wasa ba. Akwai togaciya guda da ya kamata ka sani, don kada ka zargi mutum a kan kuskure: wasu tsofaffin kaset na Game Boy na farko, musamman wasu bugun Tetris, da ɗigon baƙin nan suka fito daga Nintendo kanta. A kaset ɗin Pokémon na Advance kuwa, ɗigon nan shaidar jabu ce.

Batun batir shi ne inda mutane suka fi ruɗewa, kuma nan ne na fi so a natsu. A Ruby, Sapphire da Emerald, batir ɗin nan ƙarami, CR1616, agogon cikin wasa kawai yake riƙewa. Wasan da ka ajiye yana cikin wata ƙwaya ce da ba ta buƙatar wuta. Saboda haka idan ka kunna ka ga sanarwa cewa batir ya ƙare amma ana iya ci gaba da wasa, kada gabanka ya faɗi. Kaset mai shekara ashirin haka ya kamata ya yi, kuma mai gyara zai canza maka shi cikin 'yan mintoci. FireRed da LeafGreen kuwa ba su da batir sam, in ka ga batir a cikinsu jabu ne. Gold, Silver da Crystal na zamanin Color lamarinsu dabam ne: batir ɗaya ke riƙe agogo da ajiyar wasa, shi ya sa na ainihi da yawa ba sa iya ajiye wasa yanzu sai an sa sabon batir. Rashin ajiya a waɗannan ba ya nuna jabu. Abin da ya cinye ƙanina shi ne yadda masu jabu ke sauya wa wasan hanyar ajiya don ya dace da ƙwayoyinsu masu araha. Yau ya riƙe, gobe ya saki. Haka kuma sau da yawa ba sa yarda a kwashe Pokémon daga cikinsu zuwa Diamond ko Pearl ta ramin ƙasa na DS.

Na DS sun fi sauƙi. Haruffa huɗu na tsakiyar lambar gaba dole su zama su ne farkon lambar da aka buga a baya. HeartGold, SoulSilver, Black da White kuma robarsu baƙa ce, amma in ka ɗora ta a kan fitila mai ƙarfi sai ta nuna ja-ja, saboda an yi ta ne don hasken da ido ba ya gani ya ratsa. Jabu yawanci toka-toka yake, haske ba ya wucewa.

Kaset ɗin nan masu wasa ɗari uku da wani abu a ciki guda, waɗanda da yawanmu da su muka fara sanin gem, ba Nintendo ta yi su ba. Wanda ya saye su a kan ya san abin da ya saya, a kuɗin da ya dace da su, ba a cuce shi ba. Cuta ita ce a karɓi kuɗin gangariya a miƙa wa mutum jabu, kuma wannan ha'inci ne ko mai kayan ya ce shi ma haka ya saro.

Idan ta intanet za ka saya, nemi hoton gaba, na baya, na haƙoran ƙasa da na allon ciki, a ɗauke su kusa da takarda mai kwanan watan ranar. Idan ido da ido ne, a shago ko wajen 'yan gwanjo, je da na'urarka da fitila, ka kunna, ka ajiye wasa, ka kashe, ka cire kaset ɗin, ka mayar ka sake kunnawa. Mai kayan da ya hana ka leƙa ciki, ka yi masa sallama ka wuce.