Koyar da Labarin Ƙasa da Hausa a Ƙaramar Sakandare: Daga Iskar Hunturu Zuwa Unguwar Sabo

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu in mun kammala karatu aji za mu koma mu riƙe alli. Wasu ma tun daga bautar ƙasa za a tura su ƙaramar sakandare, inda ƙarancin malamai kan sa malamin Hausa ya sami kansa yana koyar da abin da babu shi a takardar shaidarsa. Daga cikin irin waɗannan darussa akwai labarin ƙasa, wanda masana suka kasa gida biyu. Kashi na farko yana duban ƙasa yadda Allah ya halicce ta, wato tudu da kwari da kogi da iska da ruwan sama. Na biyu kuwa yana duban abin da ɗan'adam ya yi da ita, kamar noma da kiwo da fatauci da kafa garuruwa da ƙaura. Abin da nake son nunawa a wannan maƙala shi ne, yaron da ke jin Hausa ya riga ya riƙe rabin darasin a bakinsa. Sai dai akwai tarko guda da ya shafe mu nan Kudu: waɗannan kalmomi a ƙasar Hausa aka raɗa su, don haka ba kullum suke dacewa da abin da yaron Ibadan ko Fatakwal ke gani ta tagar ajinsa ba.

Ina wurin yake?

Tambayar farko a labarin ƙasa ke nan. Gabas da yamma da kudu da arewa ba sa ba yara wahala, musamman wanda ya san alƙibla. Abin da ke buƙatar bayani shi ne layukan kwance da aka zana a jikin taswira, waɗanda ke nuna nisan wuri daga ikwaita, layin da ya raba duniya biyu daidai. Ana auna su da digiri, kuma kowane digiri ɗaya tafiyar kilomita 111 ce ko kusa da haka. Nijeriya tana tsakanin digiri 4 da 14 arewa da ikwaita. Legas tana kan 6 da rabi, Ibadan ta ɗan wuce 7, Kano tana kan 12, Sakkwato 13. A sa yara su rubuta waɗannan lambobi a bangon littafinsu, domin kusan duk abin da zai biyo baya a kansu ya rataya.

Iska biyu, lokuta biyar

Bahaushe ya kasa shekara zuwa bazara da damina da kaka da hunturu, sa'annan ya kira dukkan watannin da babu ruwa da sunan rani. Yaro zai iya jero su kamar karatun allo, amma in ka tambaye shi me ke kawo su sai ya yi shiru. Amsar ita ce iska iri biyu ke karɓa-karɓa a kan Afirka ta Yamma. Ɗaya tana tasowa daga arewa maso gabas, ta ratso hamadar Sahara, busasshiya ce mai ƙura. Ita ce iskar hunturu, kuma mafi yawan ƙurar da take ɗauko mana daga wani kwari take a arewacin Chadi mai suna Bodele, inda a zamanin da can ruwan babban tafki ya kwanta. Ɗayar kuma daga kudu maso yamma take zuwa, ta kan tekun Atilantika, ɗauke da laima. Inda suka yi karo akwai iyaka, kuma iyakar nan ba ta zama wuri ɗaya, rana take bi. A watan Janairu tana can kusa da bakin teku, shi ya sa hazo kan leƙo har Legas na 'yan kwanaki. Daga nan sai ta riƙa hawa arewa a hankali, ta kai cikin Sahara a watan Agusta, sa'annan ta juyo. Duk garin da iyakar ta bari a kudancinta, iskar teku ta same shi ke nan, yana iya sa ran ruwa.

Daga wannan bayani kaɗai yaro zai iya gano abubuwa da dama da kansa. Garin da ke kusa da teku shi iska mai laima ke fara riska, kuma shi take bari a ƙarshe, saboda haka daminarsa ta fi tsawo. Fatakwal na samun ruwan da ya haura milimita 2,000 a shekara, Ibadan wajen 1,200 zuwa 1,300, Sakkwato kuwa 600 zuwa 700, cikin wata huɗu kacal.

A nan ne tarkon da na ambata yake. A Kano watan Agusta shi ne tsakiyar damina, lokacin marka, ruwa ba dare ba rana. A Ibadan kuwa ruwa kan faro tun Maris ko Afrilu ya kai Oktoba, kuma a Agusta ɗin ne ma yake ɗan tsagaitawa, domin a lokacin gungun hadarin ya yi nisa can arewa. Ke nan in malami ya rubuta a allo cewa damina daga Yuni take zuwa Satumba, yaron Sabo ya ji ƙarya da kunnensa, tun da ya sha dukan ruwa a Afrilu. Haka kaka: a ƙasar Hausa sau ɗaya take zuwa, lokacin girbin gero da dawa, alhali manomin ƙasar Yarbawa kan girbe masara sau biyu a shekara. A ganina bai kamata a ɓoye wa yara wannan saɓani ba. A ja layi a tsakiyar allo, a rubuta Kano a dama Ibadan a hagu, a bi watanni goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, su faɗi abin da suke gani a nan, waɗanda suka taɓa zuwa gida hutu su faɗi na can. Ta haka ne kuma za su fahimci bambancin yanayin yini guda, wanda kan sauya tsakanin safe da yamma, da yanayin wuri na dindindin, wanda masana ke tattara bayanan shekara 30 kafin su yanke hukunci a kansa.

Akwai wata tambaya da yaro mai kaifin basira zai jefo, gara malami ya shirya mata. In daga kudu maso yamma laima ke zuwa, don me ake cewa hadari ya haɗo daga gabas? Kowa ya zauna a ƙasar Hausa ya san haka abin yake, har magina kan ƙara wa bangon gabas yaɓe da makuba saboda shi ruwa ya fi ci. Dalili shi ne iskar teku a ƙasa-ƙasa take tafiya, can sama da ita kuwa akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, ita ke tura gajimaren bayan ya haɗu. Duka maganganun biyu gaskiya ne.

Tudu, fadama da inda ruwa ke zuwa

Hausa na da wadatar kalmomin siffar ƙasa, kuma a matsayinmu na ɗaliban harshe ya kamata mu koyar da su tare da jam'insu: tudu da tuddai, tsauni da tsaunuka, dutse da duwatsu, rafi da rafuka, kogi da koguna, gulbi da gulabe. A kula da kwari, wato wuri mai gangare tsakanin tuddai, kada a sa masa lanƙwasa ya koma ƙwari masu cizo. A kuma tuna sunayen garuruwa da na koguna jinsin mace suke ɗauka. Za a ce "Kwara ta cika", amma "Kogin Kwara ya cika", domin a jimla ta biyu kogi ne ke jan ragama.

Manomi bai tsaya nan ba, ya bambance irin ƙasar ma. Jigawa ƙasa ce mai rairayi, mai sauƙin huɗa, wadda gero da gyaɗa ke so. Laka tana riƙe ruwa, dawa da auduga sun fi jin daɗinta. Fako ya taurare, ba ya fid da komai. Fadama kuwa ita ce ƙasar da ke gefen kogi ko cikin kwari, wadda ruwa ke kwanciya a kanta da damina a shuka shinkafa, da rani kuma a yi lambun albasa da tumatir da alkama. Sunayen wurare sun adana duk wannan. Jihar Jigawa da aka ƙirƙira a 1991 sunan ƙasarta ta ci, hedikwatarta kuma Dutse. Akwai Dogon Dutsi a Jamhuriyar Nijar, akwai Tudun Wada a garuruwa barkatai, a Kano kuma unguwannin Ɗorayi da Giginyu suna tuna mana itatuwan da ke wurin kafin gidaje.

Wani abin da kan ba yara mamaki shi ne ba duk ruwan Nijeriya ke zuwa teku ba. Kogin Kwara, mai tsawon kimanin kilomita 4,180, daga tsaunukan Gini ya taso, ya karɓi Gulbin Sakkwato da Kogin Kaduna, ya haɗu da Binuwai a Lokoja, ya faɗa Atilantika. Amma ruwan da ya zuba a Kano gabas yake nufa. Kogin Kano da na Challawa su suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja, shi kuma ya haɗu da na Jama'are, suka bi ta Yobe zuwa Tafkin Chadi, wanda ba shi da mafita zuwa teku. Tafkin nan a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, amma farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya janye shi har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na haka. An kuma gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974. Ta amfani masu noman rani a Kadawa da Kura, amma ta rage ambaliyar da masunta da makiyaya da manoman shinkafa na fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara a kanta. Wannan misali ne mai kyau na gaɓar da kashi biyun labarin ƙasa suka haɗu.

Mutane: zama, ci-rani da Sabo

Ana gane cunkoson jama'a ta raba yawan mutane da faɗin ƙasar da suke kai. A ƙidayar 2006 Jihar Kano na da mutum miliyan 9.4 a kan murabba'in kilomita kimanin 20,000, wato fiye da mutum 450 a kowane murabba'i. Jihar Neja ta kusa ninka Kano huɗu a faɗi, amma mutanenta ba su cika miliyan 4 ba, wajen mutum 50 ke nan a murabba'i. A bar yara su yi lissafin da kansu. Abin da ya ba kewayen Kano damar ɗaukar wannan jama'a tun da daɗewa shi ne ƙasa mai sauƙin noma, da rijiyoyi marasa zurfi, da al'adar zuba taki, har da jakuna ake kwaso shara da toka daga birni zuwa gonaki, don haka ana noma gona kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba.

Matsugunan ma Hausa ta jera su: birni mai ganuwa, gari, ƙauye, unguwa, tunga, rugar Fulani, da zango inda ayarin fatake ke sauka. Amma kalmar da na fi so a wannan fanni ita ce ci-rani. Ta ƙunshi darasin gaba ɗaya. Damina wata huɗu ce, rani wata takwas, hatsin rumbu kuwa ba lalle ya kai wata kakar ba. Sai magidanci ya bar wa iyali abin da aka girbe, shi ya fita neman kuɗi a birni, ya dawo da faɗuwar ruwa. Asalin wannan tafiya ita ce iyakar iska biyun nan da muka gani a baya.

Haka nan kasancewar Hausawa a Kudu. Shanu sun fi yaɗuwa a Arewa, domin a kurmi akwai ƙudan tsando mai sa musu sammore. Goro kuma ba ya yi sai a kurmi, inda ruwa ya wadata, amma a Arewa aka fi cin sa. Kowane ɓangare na da abin da ɗaya ke nema, fatauci ya zama dole. A ƙarni na 19 Gwanja fatake ke zuwa, a ƙasar Gana ta yau, su sayo goro a kasuwar Salaga. Da noman goro ya bunƙasa a ƙasar Yarbawa, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, sai akalar cinikin ta karkato nan, garuruwa irin su Shagamu suka cika da 'yan goro. An kafa unguwar Sabo ta Ibadan a 1916, kuma a kanta ne Abner Cohen ya yi littafinsa na 1969, inda ya nuna yadda masu gidaje ke saukar da fataken shanu da na goro, su tsaya musu a ciniki da bashi.

Malamin da ke da yaran Sabo a ajinsa yana iya ba su aikin gida mai sauƙi. Kowa ya tambayi dattijon gidansu daga wane gari kakansu ya zo, da wace sana'a, a ƙasa ko a jirgi. In sun kawo amsa a kafa taswirar Nijeriya a allo, kowane yaro ya fito ya ɗora yatsa a kan garin, ya karanta digirinsa, ya faɗi watannin daminarsa da abin da ake nomawa a can. Yaran da ba Hausawa ba su ma su yi nasu, domin wanda kakansa ya zo daga Ijebu ko Onica shi ma wani abu ne ya taso da shi.